Musbahu, Mai Hangen Wasan Gobe

Ni direba ne, sunana Ilu. Akori-kura nake ja tsakanin Karaye da Rogo da ƙauyukan da ke gefensu. Na ɗauki taki, na ɗauki buhunan hatsi, wani lokaci har kayan ɗakin amarya. A cikin duk waɗanda na taɓa ɗaukar wa kaya babu wanda ya gajiyar min da kunne kamar Musbahu mai gidan gem, kuma yau babu wanda nake kewar surutunsa kamarsa. Yaya Ilu yake ce min, don na girme shi nesa ba kusa ba.

Ɗan Kurugu ne. Gidansu manoma ne tun kaka da kakanni, gyaɗa da dawa da masara, shi kaɗai Allah ya yi wa ƙafar yawo. Ba rago ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Idan ya kama fartanya sai ya ba ka mamaki, amma kafin ya kai ƙarshen kunya hankalinsa ya riga ya tafi wani gari. Ya yi cajin waya, ya yi tura finafinai, ya ɗan taɓa acaɓa. Kowacce sana'a sai ta fara karɓarsa zai ce ai zamaninta ya kusa wucewa. Ko a zaune yake ƙafarsa tana rawa, har na taɓa ce masa ya sauka daga motata idan ba zai daina girgiza min kujera ba.

Ƙanin mahaifinsa, Baffa Abdulmutalib, ɗan kasuwar gyaɗa ne a Karaye. Yana da shago kusa da tasha wanda yake zuba buhuna a ciki lokacin kaka. Wata shekara ya samu wani wurin ajiya, sai ya ara wa Musbahu shagon ko Allah zai sa ya nutsu wuri guda. Ni na ɗauko masa kayan farko: talabijin biyu, injin gem biyu na gwanjo, ƙaramin janareta, da wani dogon benci da ya saya a wurin wani mai shayi da ya tashi.

Wanda bai taɓa shiga gidan gem ba zai zaci wasan ne ke tara mutane. Ga yadda abin yake. Mutum biyu ke zama gaban talabijin, kowa riƙe da abin latsawar da suke kira fad, su kara a wasan ƙwallo. Wanda aka ci shi ke biya, ya tashi. Wanda ya ci ya ci gaba da zama har a samu mai tayar da shi. A bayansu kuma ga benci cike da 'yan kallo, ba sa biyan ko sisi. Su ne masu ihu, su ne masu ba da shawarar da ba a tambaye su ba, su ne masu yi wa wanda aka lallasa rakiya da dariya har bakin titi. Kuma daga cikinsu mai karawa na gaba yake fitowa, don mutum zai zauna yana kallo yana cewa ai da ni ne da na rama, sai a ce to bismilla.

Sarkin wurin shi ne Suhaibu mai walda. Da ya tashi daga aiki bayan la'asar zai zo da baƙin hannunsa ya zauna, sai an kira magariba zai miƙe don kansa, ba don an tayar da shi ba. Samari har daga Tudun Kaya suke hawo babur ranar kasuwa don su gwada sa'arsu a kansa. Shagon ya karɓu. Da wani ne da ya gode wa Allah ya ƙara benci na biyu.

Musbahu kuwa tsayawa yake a bakin ƙofa yana kallonsu kamar an ba shi ajiyar abin da ba ya so.

"Yaya Ilu, ƙwallon nan ta mutu," in ji shi. "Su ne ba su sani ba."

"Mutuwar da ta cika maka shago?"

"Kai yau kake gani. Ni ina kallon injinan da za su fito nan gaba."

Duk datar da ya saya a wurin kallon masu sharhin gem take ƙarewa. Ya san injin da ake jira, ya san wanda ake raɗe-raɗinsa, kuma yana da ra'ayi a kan irin wasan da zai mamaye su. Matsalar ita ce ra'ayin ba ya daɗewa. Da farko ya ce tseren motoci ne zai ci kasuwa. Har sitiyarin roba ya sayo daga Kano, ya kira ni in zo in gwada tunda ni ne direba. Na zauna, na murɗa, motar ta afka cikin katanga, benci ya kwashe da dariya. Na ce masa motar da ba ta da gargada ba ta da ɗan sanda ai ba mota ba ce. Sitiyarin nan a jikin bango ya ƙare, ana rataye huluna. Bayan nan ya koma kan wasan dambe da na takobi, ya ce jinin mutanenmu ne, ba yadda za a yi su ƙi shi. Suka taɓa na 'yan kwanaki, suka ce a mayar musu da ƙwallonsu.

Na ukun shi ne wanda ya kama shi da gaske. Wata rana ina kai shi Rogo, tun daga fitarmu gari yake min bayani, hannu yana kaiwa yana komowa har yana tare min madubi. Wasan harbe-harbe ne, in ji shi, amma ba irin wanda aka sani ba. Mutane da yawa ake zubawa a fili guda, wani yana Kano, wani yana Masar, wani yana can ƙasar da ba mu san sunanta ba, sabis ne ke haɗa su. Kowa da allonsa, kowa da iyafis a kunne, ana yi har a bar mutum ɗaya.

"Duk injin da za a ƙera nan gaba, don wannan za a ƙera shi," ya ce. "Ba sai ka jira Suhaibu ya tashi daga walda ba. Abokin karawarka yana nan kullum."

"To wa zai yi maka ihu idan ka ci?"

"Ihu kuma? Yaya Ilu, duniya ta wuce ihu."

Wurin Zulkifilu muka je, abokinsa mai gidan gem a Rogo. Shi mutum ne mai sanyi, injinsa ɗaya, ƙwallo kawai yake sawa, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Suka gaisa, suka tambayi iyali da mutan gida da gajiya, aka kawo mana fura. Ko rabin kwano Musbahu bai sha ba ya fara wa'azinsa. Zulkifilu ya saurare shi har ƙarshe, ya goge baki.

"Mai yiwuwa gaskiyarka ce," ya ce. "Amma ni mutanen da nake da su, su nake da su."

Musbahu ya ji haushin wannan amsa fiye da a ce an ƙaryata shi. A hanyar dawowa cewa yake irin su Zulkifilu ne ke sa a bar mu a baya.

Da damina ta kama, Baffa Abdulmutalib ya zo shagon da kansa. Ina nan a ranar, na kawo jarkar fetur. Ya tsaya a ƙofa yana kallon samari suna tsalle a kan benci saboda Suhaibu ya zura wa wani ƙwallo ta tsakanin ƙafa. Sai ya ja Musbahu gefe. Ya ce wurin ajiyar da ya samu an karɓe, kuma bana ya ba da ƙarfi a gyaɗa.

"Ɗan nan, ba korar ka nake ba," in ji Baffa. "Zan dawo da kaka. Idan na ga sana'a ce ta riƙe ka, zan nemi inda zan zuba buhunana. Idan kuwa na ga wasa ne, buhuna za su shigo, kai kuma ka koma Kurugu. Mahaifinka ƙarfinsa ya ja baya, gona tana jiran mutum."

"In sha Allahu za ka ga sana'a, Baffa."

Babu abin da Musbahu yake tsoro a duniya kamar komawa Kurugu da kaya a ka. Ba gonar yake gudu ba. Zaman yake gudu, da kallon da za a yi masa a majalisa a ce ga wanda ya san gobe ya dawo. Na ce masa abin ai mai sauƙi ne, ya bar shagon yadda yake, duk wanda ya ga wannan taro ya san akwai ciniki. Ya ce ban lura da fuskar Baffa ba. Shi a ganinsa bencin ne ya ɓata wa dattijon rai: taron 'yan zaman banza, ihu, ba mai biya. Idan Baffa ya dawo ya tarar da wuri tsit, kowa a zaune a gurbinsa kamar a ofis, shi ne zai yarda sana'a ce.

Daga nan kuma ba mai iya tare shi. Ya sayar wa Zulkifilu tsofaffin injinansa biyu, ni na kai su Rogo ina ta mita. Ya sayar da babur ɗinsa. Ya tafi Kano ya dawo da injina biyu masu ɗan zamani, su ma na gwanjo, da iyafis masu rufe kunne gaba ɗaya, da wata na'urar jawo sabis. Ya kira kafinta aka raba shagon da falanki, kowane talabijin da ɗan akurkinsa. Da kafintan ya tambaya me za a zauna a kai, Musbahu ya nuna benci ya ce a yanka shi a yi kujeru. Ina tsaye aka sa masa zarto. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fita ban yi sallama ba.

Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya zata. Injinan suka ce ba za su buɗe wasan ba sai sun sha data, su kuwa sha suke kamar ba gobe, sabis kuma ya zo ya ɗauke. Shagon ya zauna a rufe. Musbahu ya kasa zama. Don kada samari su watse kafin ya buɗe, sai ya yi dabara: ashe akwai irin wannan wasa na waya, ƙarami, kyauta. Ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya, a wurin mai shayi, a bakin masallaci, a tasha, yana sa musu a wayoyinsu, yana koya musu yadda ake ɓuya da yadda ake harbi.

"Wannan ɗanɗano ne kawai," yake ce musu. "Ku bari in buɗe ku ga na gaske a babban allo."

Ya iya koyarwa, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Kafin a yi noma na biyu, rabin samarin unguwar sun kamu. Suka gano cewa a gindin wata bishiyar darbejiya da ke hanyar fita gari, kusa da ƙarfen sabis, wasan ba ya yankewa. Nan suka mayar majalisa.

Ranar buɗewa an cika, ba laifi. Aka yi ta leƙe. Suhaibu ya shiga akurki, aka sa masa iyafis, ya zauna shi kaɗai yana fuskantar bango. Ya ɗan jima, sannan ya fito yana sosa kunne.

"Yaya ka gani?" in ji Musbahu, yana murza hannu.

"Na harbe wasu."

"Ka gani ko! Ka san daga ina suke?"

"Ban sani ba. Su ma ba su san ni ba." Suhaibu ya waiwaya inda benci yake a da. "Malam Musbahu, idan na ci mutum ba wanda ya gani, gobe ba zan haɗu da shi a tasha in yi masa dariya ba, to me na ci?"

Akwai kuma abin da Musbahu bai lissafa ba. A ƙwallo wanda aka ci ne ke biya, don haka kowa yana zama da sa ran ba shi zai biya ba. A akurki kuwa ka ci ko a ci ka, kai za ka biya, tunda wanda ya harbe ka yana wata ƙasa. Samari suka ga wannan ba tsari ba ne. Masu son harbe-harbe suka ce ga shi a wayarsu, a inuwa, ba ƙarar janareta, me zai kai su ɗaki? Masu son ƙwallo kuma suka bi Suhaibu shagon wani mai aski da ya samo tsohon inji ya ajiye a lungu, ga bencin masu jiran aski a shirye.

Watannin da suka biyo baya ban ji daɗin ganin Musbahu ba. Ya rame. Ya rage farashi, ya mayar, ya sake ragewa. Ya sa ƙwallo a sababbin injinan, ya cire falanki ɗaya, ya je har wurin walda ya roƙi Suhaibu. Suhaibu ya zo sau ɗaya don kunya, ya buga da wani, ba kowa a bayansu, ya ce zai dawo. Bai dawo ba, don mutanensa sun riga sun saba da wurin mai aski. Duk lokacin da na wuce sai in ga Musbahu yana kai-kawo tsakanin ƙofa da titi, ya duba waya, ya kunna janareta don a ji alamar rai, ya tuna tsadar fetur ya kashe.

Ya sa na kai shi Rogo, wai ko Zulkifilu zai mayar masa da inji ɗaya. Muka tarar da shagon ba masaka tsinke, injinan Musbahu na da suna aiki, an ƙara benci. Musbahu ya kasa kawo maganar injin. Zulkifilu ya gane, ya ce idan yana so ya zo su haɗa hannu, ya kawo sababbin injinan a sa musu ƙwallo, wuri ya ishe su.

"Na gode," in ji Musbahu. "Amma ka sani, wannan da kake gani na ɗan lokaci ne."

"To Allah ya sa mu ga alheri," in ji Zulkifilu.

A mota na yi masa faɗa sosai. Na ce girman kai ne, na ce an miƙo masa hannu ya tsaya yana duban gobe. Ya ce ba girman kai ba ne, shi dai ba zai iya zama yana karɓar kuɗin abin da ya san ya ƙare ba. Na ce to wanda bai ƙare ba me ya ba ka? Ƙafarsa dai tana ta rawa.

Aka cire gyaɗa, aka shanya, aka fara zuba ta a buhu. Baffa Abdulmutalib ya zo shagon da hantsi ranar kasuwa, ranar da a da ko wurin tsayawa ba ka samu. Musbahu ya share ko'ina, ya goge allunan, ya sa riga mai kyau. Baffa ya shiga, ya duba akurki na farko, ya duba na biyu. Tsit, kamar yadda Musbahu ya so.

"Ina yaran nan masu ihu?" ya tambaya.

"Na sallame su, Baffa. Yanzu tsarin ya canza."

Dattijon ya juyo ya dube shi.

"Ranar da na zo na ga wurin nan a cike, na koma gida na ce wa mahaifinka ɗansa ya samu abin yi," in ji shi. "Na ja maka kunne ne kawai don kada ka sake tashi, na san halinka. Har na fara tambayar wani ɗakin ajiya."

Ni da nake tsaye a waje sai na ji kamar in nutse don tausayi.

Baffa ni ya ɗauka in kwaso buhunan daga Fulatan, inda ya sayi mafi yawan gyaɗar bana. Na so in ce motata ta lalace, amma ba a yi wa dattijo irin wannan ƙarya. Da na iso da lodin farko, na tarar Musbahu ya riga ya ɓalle sauran falankin da hannunsa, ya naɗe wayoyi, ya sa injinan a kwali. Bai bari 'yan dako su yi aikin su kaɗai ba. Ya tuɓe riga ya riƙa saɓar buhu yana jerawa har rufi, da sauri, kamar ana bin sa. Da muka gama ya miƙa wa Baffa makulli da hannu biyu, ya nemi gafara, Baffa ya sa masa albarka.

Muka ɗora talabijin da janareta a bayan mota. Na tambaye shi ina muka nufa, Rogo ko Kurugu, don har lokacin ina sa ran zai karɓi tayin Zulkifilu.

"Na yi wa Baffa alkawari," ya ce. "Kurugu."

La'asar ta yi sanyi lokacin da muka kama hanyar fita gari. Da muka zo daidai darbejiyar nan ya dafa min hannu ya ce in rage gudu. Suna nan a gindinta, sun fi yadda na zata yawa. Wasu a kan dutse, wasu a kan babur, wasu a ƙasa sun jingina da juna. Kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, kowa da iyafis a kunne, yatsu suna ta aiki. Har da waɗanda a da ba sa barin bayan Suhaibu. Babu ihu, babu mai kallon na wani.

"Ka gani, Yaya Ilu?" in ji shi a hankali. "Ban faɗa ba?"

"Ka faɗa."

Ya leƙa ta taga ya yi musu sallama. Ya sake yi da ƙarfi, ya kira sunan mutum biyu da shi ya sa musu wasan da hannunsa. Na danna ham. Ko ɗaya bai ɗago kai ba.

Ya ɗan jira, hannunsa a waje. Sannan ya mayar da shi ciki, ya ce mu je.